Fatauci Ko Yawon Duniya? Jan Hankali Ga Masu Shirin Ajiye Aiki

A 'yan shekarun nan akwai wata magana da ta yi yawa a bakin ɗalibai da ƙananan ma'aikata, har ta kai da wuya a tashi daga zaman hira ba a taɓo ta ba. Maganar kuwa ita ce ta mutumin da ya gaji da aikin kamfani, ya miƙa takardar ajiye aiki, ya sayar da motarsa da kayan ɗakinsa, ya rataya jaka ya shiga jirgi, sa'an nan ya kama aiko da hotuna daga bakin teku yana cewa sai yanzu ya san ana rayuwa. Waɗanda ba su gama karatu ba suna kallonsa suna haɗiyar yawu, waɗanda suka fara aiki kuma suna ƙirga watannin da suka rage musu su bi sahunsa. Tun da yake abin ya shafi makomar da yawa daga cikinmu, ya kamata mu zauna mu auna shi da hankali, domin hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Da farko dai bari mu duba inda wannan al'ada ta fito. A ƙasashen Turai da Amurka ta yi ƙarfi, musamman bayan annobar korona ta 2020, sa'ad da aka rufe ofisoshi, ma'aikata suka gane ashe aikin da suke yi a gaban kwamfuta ba lalle sai a cikin ofis ba. A shekarar 2021 kaɗai fiye da mutum miliyan 47 suka ajiye ayyukansu a Amurka. Mafi yawansu wani aikin suka koma, amma waɗansu suka kwashe kayansu suka tafi inda rayuwa ke da araha, kamar tsibirin Bali a Indunusiya, ko Ciyang Mai a Tailan, ko Lizbon a Fotugal, ko birnin Meziko. Waɗansu suna cin abin da suka tara, waɗansu kuma suna yi wa kamfanonin ƙasarsu aiki ta intanet, ana biyansu da Dala ko Fam ko Yuro. Su ne za mu iya kira 'yan ci-ranin kwamfuta. Ƙasashe kuwa da suka ga abin nema ya samu sai suka buɗe musu ƙofa. Barbados da Istoniya suka fito da biza ta musamman dominsu a 2020, Fotugal ta bi baya a 2022, Sifen a 2023, Tailan kuma a 2024.

Ba mu ga laifin wanda ya gaji da aikin kamfani ba, kuma ba za mu bi sahun masu cewa duk wanda ya bar albashi mahaukaci ne ba. Kowa ya san irin rayuwar ƙaramin ma'aikacin banki: ya fita tun duku-duku, ya komo bayan isha'i, an ɗora masa adadin kuɗin ajiya da zai kawo kowane wata, in ya kasa a nuna masa ƙofa. Da yawa ma ba ma'aikatan dindindin ba ne, ta hannun 'yan kwangila aka ɗauke su, ba su da tabbacin ƙarin girma balle na gobe. Iyayenmu suna ganin aikin kamfani kamar gado ne, amma tarihi bai goyi bayansu ba. A 2005 aka haɗe bankunan Nijeriya daga 89 suka koma 25, ma'aikata masu yawa suka rasa gurbi. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957, wadda ta ciyar da dubban iyalai a Kakuri, ta rufe a 2002. Saboda haka wanda ya ce ba zai ƙarar da ƙuruciyarsa a kan kujerar da ba ta da tabbas ba, lalle yana da hujja. Inda muke da magana shi ne a kan abin da zai yi bayan ya tashi daga kujerar.

Masu ba da wannan labari mai daɗi sukan manta su faɗi abubuwa biyu da suke ɗauke da tafiyar tasu, watau fasfo da kuɗi. Mai fasfon Jamus ko Japan ko Singafo yana iya shiga ƙasashe wajen 190 ba tare da ya nemi biza tun daga gida ba. Mai fasfon Nijeriya kuwa ƙasashen da za su karɓe shi a haka ba su kai 50 ba, kuma galibinsu a nan Afirka suke. In ya nemi bizar ƙasashen Turai masu iyaka ɗaya, zai biya Yuro 90 da ba a mayarwa, alhali a 2024 kusan rabin 'yan Nijeriya da suka nema an hana su. In ma an ba shi, kwana 90 ne kawai a cikin kowane kwana 180, kuma ba a yarda ya yi aiki ba. Bizar 'yan ci-ranin kwamfuta kuma ba don mu aka yi ta ba. Fotugal tana so mai nema ya nuna yana samun ninki 4 na mafi ƙarancin albashin ƙasar, wanda tun 2023 ya haura Yuro 3,000 a wata, watau sama da Naira miliyan 4 bisa canjin 2025. A tuna fa mafi ƙarancin albashi a Nijeriya Naira 70,000 aka tsayar a 2024.

Batun kuɗin ma ya fi na fasfo ciwo. Asirin Baturen da ke zaune a Bali shi ne yana samu da kuɗi mai ƙarfi, yana kashewa da kuɗi mai rauni. Namu ɗan'uwan kuwa akasin haka zai yi, ya tara da mai rauni, ya je ya kashe da mai ƙarfi. A 1980 Naira ɗaya ta fi Dala ɗaya daraja, shi ya sa iyayenmu da suka yi aiki bayan ƙarin albashin Udoji na 1974 suke iya zuwa Landan hutu. Tun daga tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 Naira take gangarowa, har aka sake ta ga kasuwa a watan Yuni na 2023. Mu ɗauki misali da wanda ya tara Naira miliyan 10. A farkon 2023, da canjin gwamnati na kusan Naira 460, kuɗinsa sun haura Dala 21,000. A 2024, da Dala ta wuce Naira 1,500, sun koma ƙasa da Dala 7,000, bai taɓa ko sisi ba. Wanda ya yi lissafin zaman shekara biyu a waje da wannan ajiya, sai ya tarar ko wata takwas ba za ta kai shi ba.

Har ila yau akwai wani ɓangare na labarin da ba a nunawa a hoto. Arahar da baƙon yake yabo ita ce talaucin mai masaukinsa. Inda masu Dala suka taru, kuɗin haya yakan tashi har ɗan gari ya kasa zama a unguwar da aka haife shi. Mazauna Lizbon sun sha yin zanga-zanga a kan tsadar gidaje, kuma a watan Yuli na 2025 mutanen birnin Meziko sun fito kan titi suna kukan baƙi masu kuɗi sun kore su daga unguwanninsu. Mu da muka san ɗacin mulkin mallaka, bai kamata mu yi sha'awar irin zaman da jin daɗinsa ya dogara ga rashin wani ba.

To, shin ke nan mu zauna a gida mu naɗe hannu? Ko kusa. Bahaushe ba baƙon tafiya ba ne, kuma ba Bature ne zai koya masa zaman ƙasar waje ba. Tun kafin a shata iyakokin nan da muke gani, fatake suna tashi daga Kano da Katsina da jakunansu, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su yi watanni a hanya har Gwanja, su komo da goro. Su ne asalin zangunan da ke Salaga da Kumasi da Ankara har yau. Masu niyyar hajji kuma sukan kama hanyar gabas a ƙafa, su ratsa Barno da Wadai da Darfur, suna yada zango suna noma ko sana'a don samun guzuri, wani ya yi shekaru kafin ya ga Jidda. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a har Sudan, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Jikokinsu suna can.

Abin lura a nan shi ne harshenmu da kansa ya bambanta tafiya da tafiya. Akwai fatauci, akwai ci-rani, akwai tafiya neman ilmi, akwai hijira, kowace da mutuncinta. Sa'an nan akwai yawon duniya, wanda in aka ce wane ya shiga duniya, ba yabonsa ake yi ba, uwarsa ma kuka take yi. Bambancin kuwa ba a nisan tafiya yake ba, domin falke ya fi ɗan yawon duniya nisa. Falke ya san abin da ya ɗauka, ya san wurin wanda zai sauka, ya san abin da zai komo da shi, ya kuma san lokacin komowar. Ayarin da zai bi yana da madugu mai shugabanci, da jagaba wanda ya san hanya da rijiyoyi, kuma a kowane zango akwai fatoma ko maigida mai ba da masauki, mai tsaya wa baƙo a ciniki, mai karɓar amanarsa. A ganinmu duk wanda yake shirin ajiye aiki ya tafi, to ya auna kansa da waɗannan abubuwa guda huɗu, watau haja, da masauki, da guzuri, da tsaraba.

Hajar matafiyin yau ita ce sana'ar da ake nema ko'ina. Muƙami ba haja ba ne. Wanda ake kira manaja a nan, ran da ya miƙa katin shaidar ofis ya sauka a wata ƙasa, ba wanda ya san shi da manaja. Mun ga masu digiri biyu da suka bar kujerar banki suka koma gadi ko wankin tsofaffi a Ingila. Ba mu raina sana'a ba, kowane aikin halal yana da daraja, amma ya kamata mutum ya san cewa abin da zai tarar ke nan tun kafin ya saki reshe ya kama ganye. Likita da ma'aikaciyar jinya da injiniya da mai rubuta manhajar kwamfuta da malamin lissafi suna da abin sayarwa, ko da yake su ma sai sun sake jarrabawar samun lasisi a ƙasashe da yawa. Wanda ba shi da irin wannan, gara ya yi amfani da albashinsa na yanzu ya koya tukuna, ya kuma ƙara da harshe, ko Faransanci ko Larabci, kafin ya ɗaga ƙafa.

Masauki kuwa a zamanin nan shi ne takardar izinin zama, kuma ita ce mafi rauni a cikin kayan matafiyi, domin a hannun wasu take. Baƙo raɓa ne. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busiya ta Gana ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su fice, mutanen zango da aka haifa a can suka kwashe abin da za su iya ɗauka suka bar sauran. A 1983 Nijeriya ma ta yi irin wannan, ta kori fiye da mutum miliyan ɗaya, yawancinsu 'yan Gana. Wannan ba tsohon labari kaɗai ba ne. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina ba 'yan Nijeriya biza a 2022, sai a 2024 ta sake buɗewa. Daga watan Janairu na 2024 Ingila ta hana yawancin ɗaliban waje kawo iyalansu, alhali da yawa ta wannan ƙofa suka shirya fita. A ƙasashen Larabawa na yankin Tekun Fasha izinin zaman ma'aikaci yakan rataya ne ga wanda ya ɗauke shi aiki. Haka kuma yaƙi ba ya sallama: 'yan'uwanmu ɗalibai sun gudo daga Yukiren a 2022, sun gudo daga Sudan a 2023, waɗansu sun kwana a bakin iyakar Masar kafin a bar su su wuce. Wanda ya ƙona gadar da zai komo ta kanta, ran da aka ce masa tashi, ina zai nufa?

Wannan ya kawo mu ga guzuri, wanda ba kuɗin zuwa kaɗai ba ne, har da na komowa da na zaman gida kafin a sami abin yi. Waɗansu suna dogara da kuɗin fansho, su san cewa bisa dokar fansho ta 2014 wanda ya bar aiki bai kai shekara 50 ba, kashi 25 cikin ɗari kawai zai iya cira, shi ma sai bayan ya yi wata huɗu ba shi da aiki. Akwai kuma wani lissafi da ba ya cikin labarin Bature. Shi in ya ajiye aiki kansa kaɗai ya ɗauka. Albashin namu ma'aikacin kuwa tukunyar mutum goma ce: kuɗin makarantar ƙanne, da maganin tsohuwa, da takin gonar gida, da gudummawar biki da rasuwa. In ya tashi, duka waɗannan ya tashi da su. Wajibi ne a zauna da su a yi shawara tun ba a miƙa takarda ba, musamman matar aure da yara, domin su ne za su sha zaman jira in abin ya ƙi.

Na huɗu, wanda muke ganin shi ne mafi girma, shi ne tsaraba. Alhasan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya yi shekaru yana fataucin goro tsakanin Gwanja da Ankara da Ikko. Abin da ya koyo a can na ciniki da Turawa shi ya komo da shi Kano, ya haɗu da isowar jirgin ƙasa da bunƙasar cinikin gyaɗa, har ya zama attajirin da ba a yi kamarsa ba a zamaninsa kafin rasuwarsa a 1955. Malam Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya je Ingila a 1943 cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya komo ya rubuta wa waɗanda ba su je ba littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano ya yi karatu a Landan daga 1946 zuwa 1947, ya komo da idon da ya ga abin da ke damun talakawa, kuma a 1950 ya ajiye aikin koyarwa a Maru, aikin da ke da albashi da fansho, ya shiga gwagwarmayar NEPU. Ga mutumin da ya bar aiki mai tabbas, amma ya san dalilin barinsa. Ko waɗanda ba su komo ba, irin su Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya zauna a Salaga ya kuma rasu a Kete Karaci a 1934, sun bar ilmi da ɗalibai da rubuce-rubucen da ake amfana da su har gobe.

Za a ce mana ai masu zaman waje suna aiko da kuɗi, kuma gaskiya ne, abin da suke aikowa Nijeriya ya kai kusan Dala biliyan 20 a shekara. Ba mu raina wannan ba, gidaje da yawa da shi suke ɗora tukunya. Amma kuɗin aike ba ya duba marar lafiya a asibitin ƙauye, ba ya tsayawa a gaban allo ya koyar da yara. Mafi yawanmu a makarantun gwamnati muka yi karatu, waɗansu da tallafin jiha, watau da gumin manomi da ɗan kasuwa waɗanda ba su taɓa taka harabar jami'a ba. Bashi ne a wuyanmu. Mutum yana da 'yancin zama inda ya ga dama, amma ya kamata ya san yadda zai biya wannan bashi, ko da komowa, ko da koyarwa daga nesa, ko da ɗaukar nauyin na baya, ko da kafa abin da zai ba wasu aiki.

Muna da shawarwari ga 'yan'uwa da kuma hukumomi. Ga ma'aikacin gwamnati, ya fara bincika hutun ƙaro ilmi da hutun da ba albashi kafin ya yi tunanin murabus, domin gida biyu maganin gobara. Akwai kuma shirin nan na Gwamnatin Tarayya da aka kafa a 1987, wanda ke tura ƙwararrun Nijeriya su yi aikin shekara biyu a ƙasashen Afirka da Karibiyan da tsibiran Fasifik. Ga mai son ganin duniya, wannan hanya ce mai masauki da ranar komowa. Ga wanda ke son gwada kansa, ya fara da maƙwabta. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar izinin shiga ba biza har kwana 90, ko da yake Mali da Burkina Faso da Nijar sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, don haka sai a bincika halin da ake ciki kafin a kama hanya. Wata uku a Kumasi ko Dakar ko Abijan zai koya wa mutum abin da yake iya jurewa na kewa da baƙunci, da kuɗin da bai kai na bizar Turai da jirginta ba. Abin kunya ne a ce ɗalibinmu ya san sunayen unguwannin Landan amma bai taɓa ganin Damagaram ba.

Ga kamfanoni da ma'aikatu kuma, muna kira da su buɗe ƙofar hutun dogon zango, wata shida ko shekara, ga ma'aikacin da ya yi musu hidima shekaru, ya je ya ga duniya ya komo kan kujerarsa. Da yawa daga cikin masu murabus ba aikin suka ƙi ba, numfashi suke nema, kuma rashin wannan ƙofa shi ke sa su fita ta taga. Ita ma ƙungiyar ɗalibai tana da nata aiki: ta riƙa gayyato waɗanda suka zauna a waje suka komo, da waɗanda suka yi nasara da waɗanda suka sha wuya, su faɗa wa 'yan ajin ƙarshe gaskiyar abin da suka gani, domin a hoto mai dariya kaɗai ake gani, wanda ya kwana a tashar jirgi ba ya aiko da nasa.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, maza da mata, wanda zuciyarsa ta raya masa tafiya kada ya ji kunya, gadonsa ne. Amma kafin ya sa hannu a takardar ajiye aiki, ya zauna shi kaɗai ya amsa wa kansa tambayoyin da kowane madugu zai yi masa a ƙofar gari: me ka ɗauko, wurin wa za ka sauka, guzurinka na kwana nawa ne, kuma me za ka kawo mana? In yana da amsa, sai mu raka shi da addu'a, Allah ya kai lafiya ya komo da shi lafiya. In kuwa ba shi da ita, ya koma bakin aikinsa ya ci gaba da shiri, ayari ba ya ƙarewa, wani zai tashi baɗi.

Allah ya sa mu dace, amin.